Rafin da Na Rina Saboda Yaya Korau

Da sunan Allah, mai shimfiɗa ƙasa, mai kafa duwatsu, mai mayar da matafiyi ɗakin uwarsa. Ku matso, ku da kuka bar aikinku kuka kewaye ni, ai na ga idonku a kan hannuwana tun ɗazu. E, shuɗi ne har gwiwar hannu, kuma ba ya fita. Na gwada sabulu, na gwada toka, na gwada tsamiya, na haƙura. Ni ne Mantau ɗan Barmo, marini jikan marini, mutumin Birnin Turkuɗi da ke bayan tekun yashi. Ku zauna in gaya muku inda na samo wannan launi, da mutanen da har in koma ga Allah ba zan gama gode musu ba.

Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu, ni da wana Korau. Yaya Korau ƙato ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Ni kuwa ga baki ga saurin hawa. A garinmu akwai wata al'ada da aka yaye mu da ita: marini ba ya faɗin inda yake samo baba, ganyen nan da muke rini da shi. Ko surukinka ne ya tambaye ka ina za ka, in gabas ka nufa sai ka nuna masa yamma, kuma ba mai kiran ka maƙaryaci, don shi ma haka zai yi maka gobe.

Shekarar da fara ta cinye baba, marinarmu ta bushe ƙayau. Sai Yaya ya tuno da zancen da tsofaffi ke yi, wai a wani kogo a kan Dutsen Mai-Hula akwai shuni gari kamar kwalli, abin da yatsa biyu za su tsakuro ya isa ya rina karofi guda, wato ramin rini cike da ruwa, kuma ba ya koɗewa har tufa ta tsufa. Ranar da za mu tashi Inna ta rako mu zaure, ta ce, "Korau, kai ne babba. Mantau, kai ne mai baki. Ku biyu kuka fita ta ƙofar nan, ku biyu nake so ku shigo ta cikinta. Shuni in ya samu, to. In bai samu ba, ba shi na haifa ba."

Muka saɓa jakunkunan goyo muka kama hanya. Da muka bar ƙasar da muka sani, sai muka shiga Filin Madubi, inda ƙasa take fara fat mai sheƙi, kana tafiya kana ganin tafin ƙafarka a ciki. Rijiyoyin wurin ruwansu garai-garai, ga sanyi. Muka kafa kai muka sha. Yaya da yake cikinsa ko tsakuwa ya haɗiye narkewa take, ko gezau. Ni kuwa kafin la'asar amai da gudawa sun sa ni gaba, idanuna suka faɗa, harshena ya bushe, ƙafa ta ƙi ɗaukata. Yaya ya sunkuya a kaina. Ya haɗa jakunkunan ya ɗora a ka, ya goya ni a baya da rawaninsa, ƙato da ni, gemu da komai.

Haka ya yi ta tafiya da ni har muka hangi wasu tuddai suna motsi. Ashe kunkuru ne, kowanne ya kai gidan mai unguwa girma, da bukkoki a gadon bayansa, da kaji, da hayaƙin girki. Mutanen ƙasar a kansu suke zaune, su ke kai su daga rijiya zuwa rijiya. Wata mata ta leƙo daga sama, ta ga yadda wuyana ke lilo, ta jefo mana tsanin igiya. Ko sunanmu ba ta tambaya ba. Ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta jefa ɗan gishiri da mazarƙwaila, ta ɗanɗana, ta ce kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ta riƙa ba ni da ludayi kurɓi-kurɓi, in na amayar ta ɗan dakata ta ci gaba. Ta ce da Yaya, "Bawan Allah, duk ruwan da ba ka san kansa ba, ɗora shi a wuta tukuna, kome haskensa." Da na sami ƙafa muka sauka. Har yau ban san sunanta ba, amma ba na tashi daga salla ban sa ta a addu'a ba.

Daga nan muka faɗa Kurmin Zuma, inda ƙudan zuma kowane ya kai kurciya. Mu kuwa ga mu cikin baƙaƙen rigunanmu na marina, muna taƙama. Kai! Kafin mu ankara sun yo kanmu, ƙugi kamar ana niƙa. Ɗaya ya sakar mini harbi a wuya, na kurma ihu zan zura da gudu. Yaya ya damƙe ni. Ashe ya lura suna wuce wasu fararen balbelu ba su ko kula su. Ya zaro farin ƙyallen da muka taho da shi don gwada shuni, ya lulluɓe mu, ya ce, "Kada ka kai duka, kada ka yi gudu. Taka a hankali." Muka ratsa kurmin muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Da muka fita ya kankare ƙarin da bayan wuƙa, bai matse shi da yatsa ba, ya ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma. A bakin kurmin muka tsinci saƙar zuma da ta faɗo, muka cika ɗan gora.

Bayan tafiya mai tsawo muka iso gindin Dutsen Mai-Hula. Sunan ya dace da shi, don kullum da gajimare a kansa, in ya ga dama kuma ya sauke shi har kafaɗa. A ƙasansa akwai ƙauye, Gindin Marke, rafuka uku na gangarowa daga dutsen su ratsa ta cikinsa, kowace hanyar hawa da rafinta. Na tsakiya shi ne wanda mata ke wanki a ciki. A dandalin ƙauyen ga wani tsohon marke mai manyan rassa uku, duk an ɗaure su da tsummoki kala-kala. A ƙarƙashinsa wata gajeriyar dattijuwa ke zaune da goro a kumatu. Ita ce Gwaggo Delu, mai tsaron marken, ba mai hawa dutsen sai ya bi ta gabanta.

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa, ta ce, "Ku zazzage."

Na ce, "Mu zazzage me, Gwaggo?"

"Jakunkunan. Ko kana da wani abu ne da ban taɓa gani ba?"

Raina ya ɓaci, amma Yaya ya taka mini ƙafa. Ta baje kayanmu a tabarma a gaban jama'a. Ta ɗaga rigunan adon da na ƙunso, ta ce wa zan yi wa kwalliya a can, birai? Mata suka kwashe da dariya. Ta ware su gefe, ta ba kowannenmu bargo da buzu. Ta mayar da kaya masu nauyi ta wajen da ke manne da baya, sannan ta ɗora wa kowannenmu wata 'yar jakar fata a can sama. A ciki akwai tsummokin da aka tafasa aka shanya, da sabulun salo, da gishiri, da ƙyastu, da usur na ƙaho. Ta ce, "Abin da za ka nema hannunka na rawa, shi ake sawa a sama."

Ba ta bar mu haka ba. Ta kwantar da Yaya a tabarma ta ce wai ya faɗo, ni in cece shi. Na ruga zan ɗaga shi, ta make mini hannu. "Wa ya ce ka ɗaga shi? Duba inda za ka taka tukuna, kada ku zama biyu. Kira sunansa. In jini na zuba, danne da tsumma, ka zauna a kai da ƙarfinka. In ya jiƙe ƙara wani a kai, kada ka ɗaga ka leƙa. In ƙashi ya karye, ɗori aikin maɗori ne, naka ka hana ƙafa motsi. Ka raba shi da sanyin ƙasa." Ta sa na ɗaure ƙafar Yaya da sanduna na kwance, na sake ɗaurewa, har ya sha kunu ya ce shi fa ba akuya ba ne.

Sai ta nuna mana marken. Reshen dama na Hanyar Tafki ne, na hagu na Hanyar Makiyaya, na tsakiya na Hanyar Kogo. Duk mai hawa zai yagi bakin rigarsa ya ƙulla a reshen hanyar da zai bi, in ya dawo ya kwance da hannunsa. A dutsen kuma akwai wasu tsuntsaye da suke kira 'yan amshi, duk ƙarar da suka ji sai su yi ta miƙa ta daga tsauni zuwa tsauni har ƙauye. Ta ce, "In kun shiga uku, ku busa usur sau uku. 'Yan amshi za su gaya mana wani na cikin wahala, amma ba sa faɗin inda yake. Ƙullin ne ke faɗa. Ɗana Anaruwa shi ne shugaban masu bin sawu, inda ƙulli ya nuna can yake kai mutanensa."

Da yamma a kasuwa muka ci karo da wani dogon baƙo. Yaya ya dubi farcensa, ya ga shuɗi. Shi ma ya dubi namu. Marini ba ya ɓuya wa marini. Ya ce sunansa Jatau, daga wani birni can kudu, wai awaki ya zo saye. Yaya ya ce madalla, mu kuma kamun kifi za mu Tafki. Aka yi musabaha, kowa ya san ɗan'uwansa ƙarya yake.

Da sassafe Gwaggo Delu ta yi mana addu'a ta tashi ta tafi ɗebo ruwa, muka ƙulla tsummokinmu a reshen tsakiya. Mun ɗan taɓa tafiya sai Yaya ya dafa ƙugu ya ce ya manta goransa a gindin marke. Na zauna a kan dutse na jira shi. Ya dawo da gora a hannu, muka ci gaba.

Hawan ba wasa. Muna bin gefen rafi, in gajimare ya sauko mu tsaya, in ya ɗage mu tashi. Har Allah ya kai mu kogon. Jama'a, zancen tsofaffi gaskiya ne! Bangon kogon gaba ɗaya shuni ne, kana shafawa yana zubowa. Yaya ya tsakuro kaɗan ya jefa a ƙwaryar ruwa, ya tsoma bakin farin ƙyalle ya ɗaga. Ban taɓa ganin launi irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin Yaya ya yi hawaye ba sai ran nan. Muka yi ta kankara muna ɗurawa. Na cika abin da zan iya ɗauka na tsaya. Yaya kuwa ya fitar da bargonsa da buzunsa da 'yar jakar Gwaggo ya ajiye a kogon, ya danƙara shuni har jakar ta ƙi rufuwa.

Na ce, "Haba Yaya, kayan tsohuwar nan za ka bari?"

Ya ce, "Saukowa ce kawai ta rage, Mantau. Naka ya ishe mu."

A gangara ne, inda rafin ya fantsama a kan wani falalen dutse mai gansakuka, abin ya faru. Yaya ya taka, nauyin jakar ya fizge shi ta baya. Na ji ƙarar faɗuwarsa a ƙasan wata 'yar gaɓa, sannan shiru.

Na ruga bakin gaɓar. Ƙafata har ta ɗaga zan dira, sai na ji kamar an make mini hannu. Na tsaya. Na sauke jakata, na zagaya ta inda dutsen yake a bushe, na sauka da rarrafe. Na ce, "Yaya! Yaya Korau!" Ya buɗe ido ya ce, "Shunin bai zube ba ko?" Wallahi da ba a kwance yake ba da na zage shi. Amma na gode wa Allah, tunda ya yi magana yana numfashi. Na tambaye shi wuya da baya, ya ce lafiya, ya motsa yatsun hannu. Cinyarsa ta hagu dutse ya tsarge ta, jini na bulbulowa, ƙwaurin kuma ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa.

Na buɗe jakata, ga jakar Gwaggo a sama tana jirana. Na danna tsumma a raunin na hau kai da dukan ƙarfina. Ya jiƙe, na ƙara wani. Zuciyata na ce mini ɗaga ka gani, na ƙi. Na danne har kafaɗuna suka mutu, ina ta yi masa surutu don kada ya lumshe ido, ina tuna masa ranar da ya faɗa karofi yana saurayi ya fito baƙi ƙirin 'yan mata na dariya. Da jinin ya tsaya na ɗaure da rawanina. Na kawo sandunanmu na tafiya na sa ƙafar a tsakani yadda na same ta, na cusa tsumma, na ɗaure sama da ƙasan karayar. Na taɓa yatsun ƙafar, da ɗumi. Na tura buzuna ƙarƙashinsa a hankali, na rufe shi da bargo. Na ƙyasta wuta na tafasa ruwa, na wanke ƙananan ƙujewar da sabulu na shafa musu zuma. Sauran ruwan na jefa gishiri da zuma na riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, yadda matar kan kunkuru ta yi mini.

Sannan na busa usur sau uku. Nan take wani tsuntsu ya amsa daga kan tsauni, wani ya karɓa, wani ya karɓa, har ƙarar ta gangara ta ɓace. Hankalina ya kwanta. Na ce, "Sha kuruminka, Yaya. Ƙullinmu na reshen tsakiya, gobe war haka kana shan kunun Gwaggo." Sai ya juya fuska.

Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ba kowa. Guzuri ya ja baya. Mai-Hula ya sauke gajimarensa ya rufe mu ruf, na yi hayaƙi da ɗanyen ganye ya narke a ciki. Jikin Yaya ya ɗau zafi, leɓɓansa suka tsage, ya kasa riƙe gora da kansa. Na sassauta ɗaurin saboda kumburi, duk da haka yatsun ƙafar suka fara sanyi. Wasu ungulaye suka zo suka jeru a kan gaɓar suna kallonmu. Na yi ta busa usur, 'yan amshi na ta kaiwa. Na fara zagin mutanen Gindin Marke, na ce ashe duk tsummokin nan ado ne.

Yaya ya kamo hannuna. Ya ce, "Kada ka zage su. Suna can suna neman mu a Hanyar Tafki."

Na ce, "Tafki kuma? Me zai kai su Tafki?"

"Ran da na koma ɗauko gora, na kwance ƙullinmu na mayar reshen dama. Saboda dogon nan mai shuɗin farce. Na ce kada ya bi sawunmu."

Na miƙe tsaye. Na zauna. Na sake miƙewa. Na ce, "Yaya, ka kashe mu! Tsohuwa ta ba ka bargo, ta ba ka ɗanta, kai kuma ka yi mata abin da muke yi wa juna a marina? Nan ka ga karofi?" Na faɗi maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wansa. Yana ji, hawaye na gangara cikin kunnensa. Da na gaji ya ce, "Ɗauki shunin ka sauka. Ka kai wa Inna."

Na ce, "In shiga ta ƙofar nan ni kaɗai? Kai za ka gaya mata ko ni?"

Sauka ba ta yiwuwa. Hanya ba ta ganuwa, in na zame mun zama biyu, in kuma na bar shi ba mai ba shi ruwa, ga ungulaye sun matso. Na ɗauki tsumman goshinsa na je rafi in jiƙa, ina kuka kamar yaro. Da na tsoma hannu, ɗan shunin da ya maƙale a farcena ya saki, wani siririn zare shuɗi ya bi ruwa ya gangara. Na bi shi da ido. Wannan rafin ai shi ne na tsakiya, wanda matan ƙauye ke wanki a ciki.

Na koma na jawo jakar Yaya. Ya gane abin da zan yi tun kafin in buɗe. Ya yunƙura, ciwo ya mayar da shi. "Mantau, kada ka yi! Arzikin gidanmu ne. Saboda shi muka sha duk wahalar nan."

Na ce, "Kai ka goya ni a Filin Madubi, ban ji ka tsaya shawara da ni ba. Kwanta."

Na zuba tafi guda, ruwa ya rine, amma kafin ya yi nisa launin ya washe, garin kuma ya kwanta a ƙasa. Na gane sai an dama, kuma sai an daɗe ana yi. Na durƙusa a bakin rafin na riƙa ɗiba ina murzawa a cikin ruwa da hannu biyu, kamar mai dama fura, sanyi na cin ƙashina. In na ɗan yi sai in koma in ba Yaya ruwa, in jefi ungulaye, in dawo. Jakarsa ta ƙare, na buɗe tawa. Rafin ya zama shuɗi daga gaɓa zuwa gaɓa yana gangarawa cikin gajimare. Wunin ranar a haka na yi shi, har na kakkaɓe jakar a ruwa, ko na kwalli bai rage ba.

Washegari da hantsi na ji usur daga ƙasa, ba na tsuntsu ba. Na busa nawa har na kusa shiɗewa. Sai ga mutane suna fitowa daga cikin gajimare da igiyoyi da gadon kara. Na gaba wani kakkauran mutum ne, hannunsa na dama a rataye a wuya, goshinsa a ɗaure. Shi ne Anaruwa ɗan Gwaggo Delu. A bayansa, riƙe da goshin gadon, dogon nan ne mai shuɗin farce.

Anaruwa ya durƙusa ya duba ɗaurin da hannu ɗaya, ya taɓa yatsun ƙafar, ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Tsohuwa za ta ji daɗi." Na tambaye shi hannunsa, ya ce ba komai, gaɓar Tafki ce ta zube da shi suna neman mu. Ya juya ya sa aka ɗora Yaya a gadon kara. Wallahi da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

A hanya Jatau ya ba ni labari. Da rafin ya rine, mata suka watsar da wanki suka gudu, ana ta salati, wasu na cewa aljanun dutse ne suka yi fushi. Shi kuwa ya tsoma hannu ya shinshina, ya tafi wurin Gwaggo Delu ya ce, "Wannan shuni ne, kuma dama shi ake yi da hannu. Ba marinin da zai zubar da irin wannan a rafi sai in rai yake saye da shi. Mutanenki na Hanyar Kogo." Ita ta aika aka kira Anaruwa daga Tafki. Yaya na kwance a gadon kara yana jin duk wannan, ya ja bargo ya rufe fuskarsa.

Da muka iso ƙauye za a wuce da shi gidan maɗori, ya ce a tsaya a gindin marke. Jama'a suka taru. Gwaggo Delu na zaune inda muka bar ta. Tsummokinmu biyu na reto a reshen dama. Na miƙa hannu zan kwance, ta ce, "A'a. Wanda ya ƙulla shi ke kwancewa." Yaya ba ya iya tsayuwa. Anaruwa ya sa lafiyayyen hannunsa ta hammatarsa, Jatau ya kama ɗaya gefen, suka ɗaga shi. Ya daɗe yana fama da ƙullin. Da ya kwance ya ce, "Gwaggo, na yi wa markenki ƙarya, na karya miki ɗa. Ki yafe mini."

Ta tauna goronta, ta dube shi, ta ce, "Hannu zai ɗoru. Da gawarka aka sauko mini da ita, ita ce ba zan yafe ba. Ku kai shi, ƙafar nan ba ta son surutu."

Maɗorin ya ce da an ja ƙafar ko an yi ƙoƙarin miƙe ta a dutse, da sai dai a yanke. Muka zauna a ƙauyen har Yaya ya fara takawa da sanda, gida-gida ana aiko mana da tuwo. Matan da wankinsu ya rine kuwa, maimakon su yi fushi, sai ga su suna yanga da zannuwa shuɗɗa. Mai-Hula bai sake ɗage gajimarensa daga Hanyar Kogo ba a wannan shekarar, mu ma ba mu tambaya ba. Jatau ya raka mu har bakin Kurmin Zuma, kuma kafin mu rabu ya gaya mana wani kwari a ƙasarsu inda baba ke fitowa fara ba ta zuwa. Ya faɗi hanyar tiryan-tiryan, da gaskiya. Da baban kwarin nan marinarmu ta farfaɗo.

Ran da muka iso gida, Inna na zaure tana kaɗi. Na tsaya na bar Yaya ya fara shiga yana ɗingishi, na bi bayansa. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi jakunkunanmu a lamushe, ta dubi hannuwana. Ba ta tambayi shuni ba. Ta nuna shi da mazari ta ce, "Ɗaya." Ta nuna ni ta ce, "Biyu." Sai ta rufe fuska da mayafi, muka durƙusa a gabanta mu duka muna kuka.

Marinan garinmu suka yi ta zuwa kallon hannuna, suna zagaye-zagaye, ba mai iya tambaya don sun san al'ada. Yaya Korau da kansa ya tara su a bakin karofi, ya share ƙasa da tafinsa, ya zana musu hanya da sandarsa: ga Filin Madubi, ku tafasa ruwa, ga Kurmin Zuma, ku sa farare, ga Gindin Marke, ku gaida Gwaggo Delu da Anaruwa, ku bar ta ta zazzage ku. Wani tsoho ya yi dariya ya ce, "Korau, ai mun san halinmu. Tunda ka nuna nan, can ne." Yaya ya ɗage wandonsa ya nuna masa ƙafar, guntuwa, da tabon cinya. Ya ce, "Baba, reshen tsakiya. In ka ƙulla, ka bar shi a nan."

Iyakar abin da ya same mu ke nan, ni Mantau da wana Korau. Allah ya saka wa matar kan kunkuru, da Gwaggo Delu, da Anaruwa, da Jatau. Wanda zai tashi a cikinku gobe, ya gaya mini inda ya nufa kafin ya saɓa jaka, kuma don Allah ya gaya mini gaskiya.